Kilo ɗaya da rabi da aka fiƙe daga bakin inji: nazarin abin da ya sami wata Land Cruiser a Garwa

Motar ta shigo garejina a kan igiya, wata tsohuwar a-kori-kura tana janta, ranar Lahadi da la'asar a watan Afrilun bara. Lokacin ne zafin Garwa yake haura digiri 40, sifana in ta sha rana ba ta taɓuwa da hannu. Mai motar ɗan marigayi aminina ne, saurayi da bai cika shekara talatin ba, yana safarar albasa da gyaɗa tsakanin nan da Duwala. Yana saukowa, gaisuwar ma a tsaitsaye aka yi ta, ya ce, "Kawu, ina dawowa daga kasuwar Pitowa sitiyari ya ƙage mini lokaci guda, fitilar baƙin mai kuma ta kama." Na tambaye shi ko nan take ya kashe. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya ɗan ƙarasa zuwa gindin wata bishiyar darbejiya don kada ya tsaya a rana, tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗaya ba.

Waɗannan alamu biyu in suka zo tare a wannan injin, wuri ɗaya suke nunawa. Ban buɗe komai ba sai da na durƙusa gaban motar na ɗora sifana a kan babban bol ɗin da ke riƙe da pulin gaba. Bol ɗin da ya kamata a ce sai ƙato biyu da dogon bututu sun sha wuya kafin ya motsa, hannuna ɗaya ya juya shi.

Motar da abin da aka yi mata

Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1996, mai fetur, giyar hannu. Injinta shi ne 1FZ-FE na Toyota: silinda 6 a jere, lita 4.5, bawul 24, faɗin fistin milimita 100, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 95. Daga kamfani yana ba da ƙarfin doki kimanin 212 a juyi 4,600 cikin minti, ƙarfin murɗawarsa kuma Niyuton-mita 373 a juyi 3,200. Inji ne na haƙuri, an gina shi don ya ja kaya a hanyar da babu kwalta, shi ya sa har yanzu ake ganinsa daga Ngaundere har Kusiri da cikin Cadi.

Yaron nan ba jan kaya ya saye ta yi ba. In rani ya yi, mayo, wato rafi, ya ƙafe ya zama yashi zalla, shi da abokansa sukan fita da yamma su gwada motoci a cikin kwarin. A wayarsa yana kallon yadda samarin Dubai suke hawa tudun yashi da irin wannan injin, ana taɓa totur allurar da ke nuna juyin inji ta tashi kamar an harba ta. Ya sayo bututun hayaƙi da salansa masu faɗi daga Sharja, ya canza matatar iska, aka kankare masa fuskar kan injin don matsi ya ƙaru. Biyu daga cikin ayyukan nan ni na yi masa su. Daga nan ya zo da maganar rage nauyin abubuwan da ke juyawa, ya ce a fara da pulin gaba, tunda shi ne a sarari, ba sai an sauke giya ba kamar fulawil, babban faifan ƙarfen nan da ke bayan inji.

Abin da na ce masa a ranar shi ne, "Ɗana, ba a taɓa wannan." Iyakar amsata ke nan. Ina cikin wani aiki, na ɗauka maganar babba ta isa. Ban zaunar da shi na nuna masa dalili ba, kuma wannan gazawa ce daga wajena wadda har yau take damuna. Saurayin da ya kashe kuɗi yana neman gudu, in ka ce masa "ba a yi" ba tare da hujja ba, abin da zai ji shi ne tsoho yana tsoron sabon abu. Bayan kwana uku ya kai motar wani wuri a cikin gari, aka cire pulin, aka kai wa turna. Turnan ya ɗaura shi a injinsa ya fiƙe zoben waje ta baya, ya bi shi da ramuka kewaye, ya fesa baƙin fenti. Sefa 15,000 ya karɓa. Ta gaba ba ka ganin komai ya canza. Da muka auna shi daga baya a sikelin mai shago tare da wani da ba a taɓa ba, bambancin ya kai kilo ɗaya da rabi.

Me ya sa ƙarfen nan yake da nauyi tun farko

A garejojinmu na nan muna ce wa sandar da fistin suke juyawa bilbireke, daga Faransanci, mutanen Yola da Kano kuma suna cewa karanshaf. Pulin da ke bakinta muna kiransa puli dampa. Yawancin yaran gareji sun ɗauka aikinsa kawai jan bel ne, ya juya fanka da famfon ruwa da janareton caji. Wanda ya taɓa riƙe shi ya duba da kyau ya san ba ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai cibiya da ke zaune a kan karanshaf, akwai zobe mai nauyi a waje, tsakaninsu kuma akwai siririyar roba da aka matse. Babu inda ƙarfen ciki ya taɓa na waje. Robar nan kaɗai ta haɗa su.

Dalilin yana cikin yadda karanshaf take aiki. Ido yana ganinta sandar ƙarfe mai kauri wadda ba ta lanƙwasuwa, amma duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, fistin yana dukan gwiwarta da ƙarfin tan-tan, sai sandar ta ɗan murɗe kamar yadda ake murɗa rigar wanki, sannan ta warware ta wuce inda take ta murɗe ta ɗaya gefen. Murɗewar ƙarama ce, sau da yawa ba ta kai digiri ɗaya ba. A baya akwai fulawil mai nauyi da ke riƙe da wutsiyar, don haka bakin gaba ne yake kaɗawa sosai. Inji mai silinda 6 a jere sandarsa doguwa ce, kuma doguwar sanda ta fi gajera saurin murɗewa. Wuta tana tashi sau 3 a kowane juyi, bisa tsarin 1-5-3-6-2-4. A juyi 4,500 cikin minti, duka 225 ke nan a daƙiƙa ɗaya.

Dukan shi kaɗai ba ya karya sanda, an gina ta ta ɗauke shi. Haɗarin yana zuwa ne in dukan ya yi daidai da kaɗawar da sandar take yi da kanta. Kowane ƙarfe yana da nasa sautin, kamar yadda kowace ganga take da nata. Yaro a kan lilo, in kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, da ɗan yatsa ma za ka kai shi sama, domin kowace turawa tana hawa kan ta baya. Haka yake a inji. Mu ɗauka, don misali kawai, wata sanda tana kaɗawa sau 300 a daƙiƙa. Dukan da ke zuwa sau 3 a juyi zai haɗu da ita a juyi 6,000. Amma dukan fistin ba mai santsi ba ne, yana ɗauke da ƙananan bugu a cikinsa, wani sau 6 a juyi, wani sau 4 da rabi. Na sau 6 zai haɗu da sandar a juyi 3,000, na sau 4 da rabi a juyi 4,000. Ka ga ke nan wuraren haɗarin suna nan a tsakiyar inda direba yake tuƙi kullum, ba sai ya kai allura ja ba.

Matan ƙauye da ke ɗebo ruwa daga Binuwai sun san maganin irin wannan. In bokiti ya cika, sai a jefa 'yar ƙwarya ko reshen ganye a kan ruwan. Takun mai ɗauka yana nan yadda yake, amma ruwan ba ya samun damar tara kaɗawa har ya zube, saboda abin da ke yawo a kansa yana karya masa lokaci. Aikin zoben dampa ke nan. In bakin karanshaf ya fizga gaba, zoben saboda nauyinsa yana jinkiri, in bakin ya dawo zoben yana tafiya. Robar da ke tsakani tana miƙewa tana dawowa, tana mayar da wannan fizgar zafi. Nauyin zoben da taurin robar an zaɓe su ne tare, a kan sautin wannan sandar ta wannan injin. Rage ɗaya ba tare da ɗayan ba, kamar sassauta tsarkiyar kalangu ne a ce ya ba da sautin da yake bayarwa da.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Motocin farko masu silinda 6 a Turai sun sha karya karanshaf, har wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar na'urar kashe wannan kaɗawa a 1910. Tasa faifai ne masu goga juna. Daga baya aka zo da ta roba, aka kuma zo da wadda zobenta yake iyo cikin man silikon mai kauri, irin da ake gani a manyan injinan dizal na tirela. Shekara fiye da ɗari ke nan masu ƙera inji, waɗanda suke ƙirga kowane giram don rage kuɗin ƙira, ba su yarda sun cire wannan nauyi daga dogon inji ba.

Ribar da aka samu, a lissafe

Yaron ya rantse mini cewa motar ta ƙara kuzari bayan aikin, kuma ban ƙaryata shi ba. In mota tana tsaye, giya a firi, ka taka totur, injin ba ya jan komai sai kansa, don haka duk abin da aka rage ana ɗan jinsa a yadda allura take tashi. A nan ne mutane suke ruɗuwa. Da zarar ka saki kuloci, injin yana jan motar da ta haura kilo 2,200, sai labari ya sha bamban.

Na zauna da shi da biro da bayan kwalin filta muka yi lissafin. Nauyin abu mai juyawa ba a kilo kaɗai ake auna shi ba, ana haɗawa da nisansa daga tsakiya, kuma nisan da kansa ake ninka shi. An cire kilo 1.5 a wajen santimita 8 daga tsakiya. A giya ta ɗaya injin yana juyawa kusan sau 17 kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma in an ɗauki girman tayar kamfani, daga tsakiyarta zuwa ƙasa wajen santimita 39 ne. In ka bi lissafin, abin da aka rage daidai yake da sauke kilo 18 daga cikin motar. Jarkar ruwa ɗaya ke nan mai lita 20, wadda ba ta cika ba. A giya ta biyu ya koma ƙasa da kilo 6. A giya ta huɗu kilo 1 ne da ɗan kai. Ta wata fuskar kuma: in injin zai tashi daga juyi 2,000 zuwa 4,500 cikin daƙiƙa 3, ƙarfin murɗawar da wannan kilo ɗaya da rabi yake ci bai kai Niyuton-mita 1 ba, a injin da yake ba da fiye da 370. Doki ko ɗaya ba a ƙara wa injin ba. Wuta ita ce wutar da, fetur shi ne na da.

Da ya ga lambobin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, ai kullum da jarka biyu nake yawo a baya." Wannan lissafin na minti goma shi ne abin da ya kamata in yi masa tun ranar farko.

Mako shida

Tsakanin aikin turna da ranar da aka jawo motar mako shida ne, kuma injin bai yi shiru ba a cikinsu. A mako na biyu bel ya fara kuka da safe, baƙar ƙura tana taruwa a gaban injin. Ya kawo ta ina Ngaundere wajen ta'aziyya, yarona ya canza bel ya ɗaure, bai ga komai ba tunda yankan ta baya yake. Bayan haka sil ɗin gaba ya fara tsatsafo da mai. Sai wata ƙara da ya ce yana ji in allura ta kusa 4,000, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, har sandar giya tana yi masa kaikayi a tafin hannu, in ya wuce wurin ta ɓace. Ya ɗauka sabuwar salansa ce. Wannan ƙarar da ke zuwa a juyi ɗaya ta tafi in an wuce shi, ita ce muryar kaɗawar da na bayyana a sama. Abin da ya kwance yakan yi ƙara a kowane juyi. Abin da yake ƙara a wuri ɗaya tak, sautinsa ne aka taɓo.

A cikin yashi kuwa a giya ta biyu ake zama, totur a ƙasa, allura tsakanin 3,500 da 4,500 na tsawon mintoci. Wato inda injin ya fi shan wahala, nan yake kwana.

Abin da muka tarar

Wannan injin yana da wani tsari da ya kamata duk bakaniken da ke taɓa shi ya sani. Haƙorin da ke juya famfon baƙin mai yana zaune a bakin karanshaf ne bayan puli, kuma matsin babban bol ɗin nan ne yake riƙe da shi. Famfon sitiyari ma ba bel ke juya shi ba, daga wannan layin haƙora yake samun juyi. Shi ya sa littafin kamfani ya ce a ɗaure bol ɗin da Niyuton-mita 412. In ya saki, haƙorin yana zamewa a kan sanda, sai mai ya daina hawa, sitiyari ya yi nauyi, duk a lokaci ɗaya. Tsarin yana aiki shekara da shekaru in an ɗaure shi yadda aka ce.

Da muka zare pulin, ɗan ki ɗin da ke riƙe shi ya tauno, raminsa a kan karanshaf ya buɗe har yana lilo. Fuskar haƙorin ta yi sheƙi da shuɗi-shuɗin zafi. Robar dampa ta tsattsage kamar ƙasar fadama a rani, wani gefen ta bullo waje. Kafin mu zare shi na sa fistin na ɗaya a ƙololuwarsa ta ramin fulogi na duba alamar taimin da ke kan zoben, na tarar ta gusa da kusan faɗin yatsa biyu. Zoben ya riga ya fara yawo a kan cibiyarsa. Da an ƙara 'yan kwanaki zai iya ficewa gaba ɗaya, kuma ƙarfe mai kilo da yawa in ya fita a juyi 4,000, lagireto ne farkon abin da zai ci, in Allah ya tsare mutanen da ke tsaye kusa suna kallo.

Muka sauke injin. Mital ɗin gwiwoyi, wato siraran ƙarafan da gwiwoyin karanshaf suke juyawa a cikinsu, sun ci, na biyar da na shida har jan ƙarfe ya fito. Wannan aikin kilomita ɗayan nan ne da aka yi babu mai. Da iyakarsa ke nan, da an wanke karanshaf an sa mital masu kauri an wuce wurin. Amma hankalina bai kwanta ba, sai na yi gwajin da maigidana ya koya mini ina yaro: a wanke sandar tas, a jiƙa ta da kananzir, a goge, a shafa garin alli, a ɗan ƙwanƙwasa a bar ta. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki yana fitowa ya zana ta a kan allin. A gwiwa ta shida, daga bakin ramin mai, wani siririn layi ya fito a karkace, ba a tsaye ba, ba a kwance ba, yana tafiya kamar rabin kusurwa. Tsagar da murɗawa ke haifarwa haka take tafiya, a digiri 45, kamar yadda alli yake karyewa in ka murɗe shi da hannu biyu. Kuma kusa da fulawil take fitowa, domin bakin gaba shi ya fi kaɗawa, amma can baya, inda nauyi ya riƙe sandar, nan ƙarfen ya fi shan murɗa.

Laifin wane ne a cikin abubuwan

Ba na son in ɗora komai a kan abu ɗaya don kawai ya dace da abin da na faɗa tun farko. Abubuwa huɗu ne suka taru. Wanda ya mayar da pulin ba shi da sifana mai awo, da bututu ya ɗaure ya ce ya ji ta kama, don haka mai yiwuwa bol ɗin bai taɓa kaiwa 412 ba. Robar kuma ta shekara fiye da ashirin da biyar tana shan zafin Garwa da ɗigar mai, ta riga ta tsufa kafin turna ya taɓa ta, sannan matsin injin fiƙa da zafin yanka suka ƙarasa ta. Akwai batun fetur: an ƙara wa injin matsi, shi kuma yakan sha zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, wanda wani lokaci yake sa inji ƙwanƙwasa, kuma ƙwanƙwasa tana mayar da dukan fistin mai kaifi. Na huɗu shi ne nauyin da aka cire da ramukan da aka huda ba tare da an sake daidaita zoben ba.

Kwancewar bol ɗin, rashin ɗauri shi kaɗai zai iya jawo ta. Na taɓa ganin haka a motar da ba a fiƙe mata komai ba. Cin mital kuma rashin mai ne. Amma tsagar da ke gwiwa ta shida ba ta da alaƙa da ɗauri ko mai. Sandar da ta yi shekara kusan talatin lafiya ba ta tsagewa a karkace cikin mako shida sai in an bar ta tana kaɗawa babu mai riƙe ta. A nan na tsaya: fiƙe zoben ne ya kashe karanshaf, sauran ukun sun gaggauta ranar ne. Ta wata fuskar ma kwancewar bol ɗin rahama ce, domin ita ta tsayar da motar kafin sandar ta rabu biyu a kan hanyar Marwa yana gudun kilomita 120.

Turnan ban riƙe shi a zuciya ba. Na je na same shi da pulin a hannu, dattijo ne mai hannu, aikinsa a tsabtace yake. Ya ce shi an kawo masa ƙarfe an ce a rage, ya rage. Da na nuna masa robar na faɗa masa aikinta, ya riƙe baki ya ce garin neman gira an rasa ido, kuma wannan ne na uku da ya yi wa samari a ranin nan. Sauran biyun na aika a gaya musu.

Gyara

Karanshaf mai tsaga ba a walda ta, ba a wanke ta, sai a ajiye. Muka sa aka nemo wata a Camp Yabassi a Duwala, ta hannu, na yi mata gwajin alli kafin in biya. Dampa kuwa na ƙi yarda da ta hannu ko da kyanta ya kai ina, domin ƙarfen ba ya tsufa amma robar tana tsufa, kuma duk wadda za a ciro daga tsohon inji sa'ar wadda ta lalace ce. Sabuwa muka jira daga Dubai, mako uku. Aka sa sabon haƙori, sabon ki, sabon bol, mital, sil, aka duba famfon mai. Kuɗin da ya tafi ya ninka na turna fiye da sau hamsin.

Wajen ɗauri na aro babbar sifana mai awo a garejin masu tirela. Ga wanda yake inda babu ita, akwai lissafin da ke fitar da mutum: mai nauyin kilo 70 in ya ɗora dukkan nauyinsa a kan bututu, santimita 60 daga tsakiyar bol, bututun a kwance daidai, ba tsalle ba girgiza, abin da ya bayar Niyuton-mita 412 ne. Sai a auna mutumin a sikeli, a auna bututun da tef, kada a yi da ka.

Sha'awar yaron ta gudu ba ta mutu ba, ni ma ban nemi kashe ta ba. Rage nauyin abin da ke juyawa dabara ce ta gaskiya, masu tsere suna yinta, sai dai suna sanin inda suke cirewa. Kilo ɗaya da rabi a bakin fulawil, wajen santimita 16 daga tsakiya, ya ninka na dampa sau 4 a amfani. Ko shi ɗin ban ba shi shawara ba, domin a yashi da hawan dutse nauyin fulawil ne yake hana inji mutuwa in taya ta cije, kuma fulawil na zubi in aka fiƙe shi da yawa yana iya fashewa a gefen ƙafar direba. Masu tsere a Amurka da suke son dampa mara nauyi ba sa yanka ta kamfani. Akwai kamfanoni irin ATI da Fluidampr da suke ƙera ta musamman, wasu da jikin alminiyom, amma zoben da ke aikin yana nan a ciki, an auna shi da injin, kuma akwai ƙa'idar SFI 18.1 da ake gwada su a kai don kada su tarwatse. Gajeren inji kuma wani lokaci yana rayuwa da puli zalla, kamar na tsohuwar Volkswagen mai sanyaya da iska, saboda sandarsa gajera ce mai tauri. Ganin irin wannan ne yake sa mutane su ɗauka kowane inji haka yake.

Abin da muka yi a tasa motar mai sauƙi ne. Yana da manyan tayoyi inci 35 a kan rim na ƙarfe, muka koma inci 33 a kan alminiyom, wanda ya rage nauyi a wuri huɗu masu juyawa kuma ya dawo wa giya da ƙarfinta. Muka sauke ragar kaya ta saman rufi da safaya ta biyu, yana mayar da su in zai yi doguwar tafiya. Na mayar da taimin daidai bisa sabuwar alama, na ce ya riƙa shan man gidan mai in zai shiga yashi, ya kuma rage iskar taya zuwa wajen bar 1 kafin ya sauka cikin mayo, ya ƙara in ya fito. Bayan fitarsa ta farko ya kira ni da daddare ya ce motar ba ta taɓa tashi haka ba.

Kafin in ba shi makulli na ɗauki farin fenti na ja layi ɗaya daga cibiyar dampa, ya haye robar, ya sauka a kan zoben, na ja wani daga kan bol zuwa cibiya. Duk juyen mai yarona yana haska fitila ya duba su. An yi juye huɗu tun daga lokacin, damina ta wuce, ya je Marwa da Figil ya dawo ba adadi, layukan biyu suna nan a miƙe. Juye na biyar yana zuwa ƙarshen watan nan, kuma a ranar zan sake ɗora sifana mai awo a kan bol ɗin.